Kiɗan da ya gunduri masu rawar swing

Masu zaɓen kiɗa a tarukan rawar swing (rawar da ake yi da wani salon kiɗan jazz na Amurka) da suka tattauna, bakinsu ya zo ɗaya cewa an saka "In the Mood" na Glenn Miller har ya gunduri mutane. Sun kuma koka da "Sing, Sing, Sing" wanda Benny Goodman ya ɗauka a faifai a 1937, domin ya haura minti 8, kuma gangunan Gene Krupa, mai kiɗan ganga a cikinsa, kan bar sababbin masu rawa suna haki tun ba a kai rabi ba. Sun ba da shawarar a fara da "Shiny Stockings" na Count Basie, mai matsakaicin sauri, a jinkirta nasa kiɗan mai sauri, "Jumpin' at the Woodside", sai fili ya ɗauki zafi. Wasu dai sun ce baƙo ya fi sakin jiki da kiɗan da ya sani, kuma suna da hujja.