Zalunci ne ko Tsanani? Muhawara kan Ajiye Aiki Saboda Mugun Shugaba

Auwalu: Salamu alaikum 'yan'uwa. Akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, yau sai na faɗa. Na gaji da jin ana ce wa ma'aikaci "yi haƙuri" alhali shugabansa na zaginsa a gaban abokan aiki, yana riƙe masa kuɗin ƙarin lokaci, yana hana shi hutu, in aiki ya yi kyau ya ce nasa ne, in ya ɓaci ya ɗora masa. Ra'ayina ɗaya ne: duk wanda ke ƙarƙashin azzalumin shugaba ya ajiye aikin nan take, ko yana da wani a hannu ko ba shi da. Mai ganin ba haka ba ne ya fito ya faɗa.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Malam Auwalu, kalmar "azzalumi" ta yi nauyi, kuma an cika saurin jifa da ita. Akwai shugaba mai tsanani, akwai azzalumi, ba ɗaya ba ne. Mai tsanani yana matsa wa kowa daidai, yana faɗin abin da yake so, in an yi masa ya yi shiru. Azzalumi mutum guda yake warewa, kuma ko me aka yi ba ya isa. Heinz Leymann, masanin halayyar ɗan Adam da ya yi bincike a Suwidin kan muzgunawa a wurin aiki, ma'auni ya sa: abin ya riƙa faruwa aƙalla sau ɗaya a mako, har tsawon wata shida. Tsawa ɗaya ranar da aiki ya cakuɗe ba ta kai a kira mutum azzalumi ba.

Kwamared Isa: Hajiya, da girmanki, wannan ma'aunin ku na sashen kula da ma'aikata ne kuka fi so, don yana ba kamfani wata shida na numfashi. Yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka amince da ita a Janeba a 2019, ba ta ce a jira ko mako guda ba. Sashenta na farko ya ce cin zarafi da muzgunawa sun haɗa da abin da ya faru sau ɗaya da wanda ake maimaitawa, matuƙar zai cutar da jiki, ko hankali, ko mutunci ta fuskar jinsi, ko aljihun ma'aikaci. Sau ɗaya, Hajiya. Wanda aka mara a ofis sai ya jira mari ashirin da shida kafin ya ce an zalunce shi?

Hajiya Rabi: Ban ce mari ba, Kwamared, kada ka sa mini magana a baki. Dukan mutum laifi ne tun na farko. Tsawa da matsi nake magana.

Malam Tukur: Ku tsaya mu daidaita kalmar tukuna. Zalunci shi ne ajiye abu ba a muhallinsa ba, ko tauye wa mai haƙƙi haƙƙinsa. A cikin abubuwan da Auwalu ya jero, riƙe kuɗin ƙarin lokaci zalunci ne tsantsa, hana hutun da ke cikin takardar ɗaukar aiki ma haka. Zagi kuwa cin mutunci ne. Kowanne da sunansa.

Nura: Malam, cin mutunci ba zalunci ba ne? Mutunci ba haƙƙi ba ne?

Malam Tukur: Haƙƙi ne, yaro, amma ba a lissafa shi a takardar albashi. Shi ya sa na raba su.

Kwamared Isa: To ai wannan rabawar ce ke kashe ma'aikaci. Da zarar an ce "cin mutunci ne kawai", shi ke nan an mayar da shi rikicin mutum biyu, a kira su ofis a ce su gaisa. A Faransa kotu ta samu tsohon shugaban kamfanin sadarwa na France Télécom da shi kansa kamfanin da laifi a Disambar 2019, kan muzgunawar da aka mayar tsarin gudanarwa don ma'aikata su gaji su tafi da kansu. Ba albashi aka tsaya a kai ba, matsin lamba aka hukunta.

Barista Maryam: Kuna ta jayayya kan sunan shugaban, ni kuwa "nan take" ce ta dame ni, don a nan mutane ke asarar haƙƙinsu. Wanda ya fusata ya fice bai rubuta komai ba, a takardun kamfani sunansa wanda ya gudu daga aiki. Daga nan za a iya cire masa kuɗin wa'adin sanarwa daga haƙƙoƙinsa na ƙarshe, a kuma hana shi takardar shaidar aiki mai kyau. A ƙasashen da ake biyan tallafin rashin aiki ma akwai hukunci: a Jamus wanda ya ajiye aiki da kansa ba da ƙwaƙƙwaran dalili ba, ana iya dakatar masa da tallafin har mako 12.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai niyyar tafiya ya fara da ɗauko takardar ɗaukarsa aiki ya karanta wurare huɗu: tsawon wa'adin sanarwa, yadda ake biyan hutun da bai ci ba, ko akwai sharaɗin mayar da kuɗin horon da aka tura shi, da ko an hana shi aiki da kamfani mai irin sana'ar na wani lokaci. Sharaɗin kuɗin horon nan ya fi kama mutane, don sai ranar sallama ake tuno da shi. Sannan ya buɗe littafi, nasa na kansa, ba a kwamfutar ofis ba, domin ranar da ya miƙa takarda ana iya rufe masa imel kafin ya koma kujerarsa. Kowane abu ya faru ya rubuta a ranar: kwanan wata, ƙarfe nawa, a ina, ainihin kalmomin da aka faɗa, da wanda ke wurin. "Ya wulaƙanta ni" ba hujja ba ce. "Ranar kaza a taron safe ya kira ni kaza a gaban mutum bakwai", wannan hujja ce. In umarni ya zo da baki, ya bi shi da gajeren imel: kamar yadda ka umarce ni yau, zan yi kaza zuwa rana kaza. Shugaban da ya saba musanta maganarsa, wannan ke ɗaure shi.

Nura: Barista, duk wannan rubutun na mene ne? Waya na aljihu. Ka danna ka naɗi muryarsa, magana ta ƙare.

Barista Maryam: Nura, kada ka jefa mutane a rami. Naɗar murya a ɓoye doka ce ta kowace ƙasa daban. A Jamus laifi ne da ake hukuntawa. A Amurka jihar New York ta yarda in ɗaya daga cikin masu maganar ya sani, Kalifoniya kuwa sai kowa ya amince. Ko inda doka ta bari, dokar cikin gida ta kamfani na iya haramtawa, sai ka ba su dalilin kora da hannunka. Haka ma kwashe takardun sirrin kamfani zuwa imel ɗinka don neman hujja. Ka ɗauki abin da ya shafe ka kaɗai: takardun albashi, takardun tuhuma da amsoshinka, sakamakon tantance aikinka na shekara, da saƙonnin da aka aiko maka kai tsaye.

Nura: Lauyoyi kullum "kada, kada". Shi yana zagi ba ya tambayar doka, ni ne zan tambaya?

Kwamared Isa: Nan kam Barista ta fi ka gaskiya, ɗan'uwa. Shaida mai rai ya fi waya. Kada ka shiga ofishinsa kan maganar tuhuma kai kaɗai, ka nemi wakilin ƙungiya ko abokin aiki ya zauna.

Hajiya Rabi: Kuma kafin duk wannan a kai koke a rubuce. Kowace ma'aikata mai tsari tana da hanyar koke: a rubuta wa na gaba da shugaban ko sashen ma'aikata, a karɓi shaidar an karɓa, a nemi ranar zama, in hukunci bai gamsar ba a ɗaukaka. Ana iya neman canjin sashe ma. Mutane da yawa ba aikin suka tsana ba, mutum ɗaya ne.

Kwamared Isa: Wa ke biyan sashen ma'aikata albashi, Hajiya? Koken da aka kai da safe, kafin azahar yana teburin wanda aka kai ƙara. Daga nan sai takardun tuhuma su fara sauka kan makarar minti biyar da ba a taɓa magana a kai ba.

Hajiya Rabi: Wannan ƙazafi ne ga sana'a guda. Ku kuma 'yan ƙungiya sai an cire kuɗin wata ake ganinku, ranar da mutum ɗaya ke cikin matsala sai ku ce ba batun gama-gari ba ne.

Kwamared Isa: Ki janye wannan, Hajiya.

Hajiya Rabi: Ka janye naka tukuna.

Barista Maryam: Ku duka kun bar abin da ya fi muhimmanci. Koken nan a rubuce, ko sashen ma'aikata na da adalci ko babu, amfaninsa yana gaba. A dokar Ingila da ƙasashen da suka bi sahunta akwai abin da za a kira kora a fakaice: kai ka ajiye aiki, amma kotu ta ɗauka korarka aka yi, saboda mai aikin ya karya ginshiƙin yarjejeniya. Shari'ar 1978 tsakanin kamfanin Western Excavating da tsohon ma'aikacinsa Sharp ce ta kafa ma'aunin. Sai saɓawar ta zama babba, sai ita ce dalilin tafiyarka, kuma kada ka daɗe kana zaune bayanta, don dogon zama ana fassara shi da ka yarda. To ka ga takardar ajiye aiki mai cewa "na gode da damar da aka ba ni, na tafi don dalilai na kaina" ta rushe ƙararka da kanta. In kana da niyyar kotu, ka faɗi dalilin a layi biyu, babu zagi, ka ambaci ranar da ka kai koke. In ba ka da niyya, ka taƙaita: ranar rubutawa, ranar aiki ta ƙarshe, sa hannu, ka riƙe kwafi mai hatimin karɓa. Kuma wa'adin shigar da ƙarar aiki gajere ne, a wasu wuraren 'yan watanni, don haka a ga lauya kafin a miƙa takarda, ba bayan an miƙa ba.

Malam Tukur: To kun ji. Doka ma cewa ta yi kada a daɗe, kuma kada a yi gaggawa. Mahaƙurci mawadaci. Mai iyali ba ya sakin reshe ya kama ganye.

Dakta Zainab: Malam, a gafarce ni, haƙurin nan yana da iyaka kuma jiki ne ke nuna ta. Rashin barci na makonni, bugun zuciya da zarar an ga sunansa a waya, ciwon kai ko na ciki da ke tashi daren komawa aiki, hawan jini ga wanda ba shi da shi a da. Mai ganin waɗannan ya je asibiti a rubuta, takardar likita magani ce kuma hujja ce. In ta kai ga duka, ko barazana, ko neman lalata, ko mutum ya fara tunanin cutar da kansa, babu maganar jiran wa'adi. Ya fita daga wurin ranar, ya nemi taimako, takarda ta biyo baya.

Kwamared Isa: Yarjejeniya ta 190 ma ta ba da wannan 'yancin a sashe na 10: ma'aikaci ya janye daga wurin da ke da haɗari na kusa ga ransa ko lafiyarsa ba tare da ramuwa ba, ya dai sanar da hukumar wurin.

Barista Maryam: A ƙasar da ta rattaba hannu ta kuma sa a dokarta, Kwamared. Kada mutum ya ɗauka tana aiki ko'ina.

Auwalu: Jama'a, ni tambaya ɗaya na yi. A tafi ko a zauna? Har yanzu ba wanda ya ba ni amsa.

Hajiya Rabi: Bari in taƙaita tunda an yi nisa. Abin da aka cimma shi ne: ba kowane tsanani ne zalunci ba, sai an ga maimaici. An yarda cewa ficewa nan take kuskure ne. An yarda cewa hanyar koke ta cikin gida ita ce matakin farko, kuma mafi yawan matsaloli a can suke mutuwa. Naɗar murya an yi watsi da ita. Wanda ya bi duk wannan bai ga sauyi ba, sai ya ba da sanarwa ya miƙa aiki cikin mutunci.

Kwamared Isa: Wa ya yarda da maimaici? Ni na kawo nassin da ya ce sau ɗaya ya isa, kin tsallake shi. "Mafi yawan matsaloli a can suke mutuwa" kuma ba wanda ya faɗa sai ke.

Dakta Zainab: Ni ma an share tawa. Na ce akwai halin da ake fita ranar.

Malam Tukur: Kuma har yanzu ba a raba zalunci da cin mutunci ba.

Nura: Barista, in mutum ya ba da sanarwar wata guda, shugaban ya ce tattara ka tafi yau, kuɗin watan fa?

Barista Maryam: A mafi yawan yarjejeniyoyi, in su suka gajarta wa'adin, su za su biya ragowar kwanakin. Amma kada ya fita da maganar baki. Ya ce a rubuta masa cewa su ne suka sallame shi daga yau, ya miƙa makulli da kwamfuta da katin shaida a rubuce, wanda ya karɓa ya sa hannu. In an miƙo masa takardar cewa ya karɓi dukkan haƙƙoƙinsa, kada ya sa hannu a tsaye, ya tafi da ita gida ya lissafa albashin ƙarshe, kwanakin hutu da kuɗin ƙarin lokaci tukuna.