Ƙarambau ya warke, amma ganin ɗana ya dushe

Maman Sani, Jega:
Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 7 ya yi ƙarambau, ƙurajen suka bushe, ya koma karatu. Bayan mako biyu malaminsa ya lura yana kawo allo dab da hancinsa kafin ya karanta, shi kuma yana cewa yana ganin baƙaƙen ɗigo suna yawo kamar ƙudaje. Idon bai yi ja ba, ba ya kwantsa. Likita ya ce jijiyoyin jinin bayan ido ne suka kumbura. Ta yaya ciwon fata zai shiga cikin ido?

Ma'aikacin jinyar ido, Birnin Kebbi:
Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba shi lafiya. A can bayan ido akwai wani tantani mai karɓar haske, wanda siraran jijiyoyin jini ke ciyarwa. Bayan ƙarambau, ƙyanda ko hangum, wani lokaci garkuwar jiki takan ci gaba da faɗa bayan ƙwayar cutar ta lafa, sai bangon jijiyoyin ya kumbura ya riƙa yoyon ruwa ko jini. Wani lokaci kuma ƙwayar ce da kanta ta isa wurin. Akwai nau'in da jijiyoyin ke yin fari fat kamar reshen da ƙanƙara ta lulluɓe, wanda likitocin Japan suka fara bayyanawa a 1976 a idon wani yaro ɗan shekara 6. Irin wannan yakan ji maganin kumburi na sitiroyid, gani ya dawo sosai, amma likita yakan fara tabbatar da cewa ba tarin fuka ko ƙwayar cuta mai rai ba ce, domin a nan sitiroyid shi kaɗai ƙara ɓata lamarin yake yi.

Baban Hauwa, Argungu:
Hajiya, ki guji maganin ɗiga na kemis. Ni na ɗauka apolo ne ya kama 'yata, na yi wata guda ina ɗiga mata, da muka je asibiti aka tarar matsin cikin idon ya hau. Kada kuma a sa masa tozali ko ruwan ganye.

Maman Sani, Jega:
Na gode. An tura mu asibitin koyarwa na Sakkwato ranar Litinin. Me zan tanada?

Ma'aikacin jinyar ido, Birnin Kebbi:
Ki tafi da katin rigakafinsa da kwalayen duk maganin da ya sha, ki kuma faɗi idan yana da sikila. Za a ɗiga masa maganin buɗe ƙwayar ido, saboda haka zai yi 'yan sa'o'i yana gani dishi-dishi, haske yana damunsa. Ki riƙe masa hula. Idan ganin ya ƙara raguwa kafin Litinin, ku kama hanya a ranar.