"Tafiya mabuɗin ilimi": har da yawon hutun ɗalibai?

Ɗan Aji Uku: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Wata magana ce ta tsaya mini a rai. Ina aji uku a jami'a a Zariya. Mu huɗu ne abokai tun ajin farko, duk hutu sai mun yi karo-karo mun leƙa wani gari. Da Ƙaramar Sallah gidan ɗayanmu muka sauka a Kano, muka kalli Hawan Daushe a Ƙofar Kudu. A hutun Disamba muka ce sai Yankari, mu ga giwaye, mu yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki.

Ba mu isa ba. Mun bi ta Pambeguwa za mu ɓulla Jos, muna wuce Saminaka bayan la'asar fanbel ya tsinke, lagireto ya tafasa. Direba ya hau acaɓa neman bakanike, bai dawo ba sai bayan isha'i, hannu rabbana. Kafin nan, da magariba, wata mota ta tsaya da gurbin mutum ɗaya. Wanda muka damƙa wa kuɗin karo-karon ya shige, ya ce zai jira mu a Jos. Daga nan wayarsa ba ta sake shiga ba. Mu uku muka kwana a masallacin wani ƙauye cikin sanyin hunturu, ga ni da ciwon asma. Wanda ya fi kowa shiru a cikinmu ya cire rigar sanyinsa ya sa mini, shi ya kwana da 'yar shara. Ladanin masallacin ya hura mana wuta da karan dawa, da asuba aka aiko da kunun tsamiya daga gidansa. Muka miƙa masa ɗan abin da ya rage, ya ture hannuna ya ce, "Baƙonka annabinka."

Da na koma gida na ba Baba labari, ya ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na ce, "Baba, ai tafiya mabuɗin ilimi ce." Ya ce kada in ƙara jingina wannan maganar ga yawon buɗe ido, ba don irinmu aka yi ta ba. Ban yi masa musu ba, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Wace tafiya ake nufi?

Baban Ummi: Wa alaikumus salam. Ɗana, mahaifinka ya fi ka gaskiya. Tafiyar da magabata suka sani ita ce ta almajiri da ya rataya allo ya nufi gabas, Barno, ya yi shekaru bai ga gida ba sai ya sauke. Ko ta fatake da suke kora jakuna har Gwanja sayen goro, su dawo sun iya ciniki, sun iya harsunan mutane. Shehu Usmanu ma ya bi malaminsa, Malam Jibrilu, har Agadas. Duk da niyyar neman wani abu suka fita. Kai wanka ka tafi yi.

Malama Mai Alli: Baban Ummi, a yi mini afuwa, ban yarda duka ba. A duba kalmar da kyau. Ba a ce tafiya ilimi ce ba, cewa aka yi mabuɗi. Mabuɗi ƙofa kawai yake buɗewa, shiga ɗakin na mai ƙafa ne. Na koyar da yara shekara da shekaru, na ga wanda ya je Makka ya dawo ba abin da zai iya faɗa maka sai farashin dabino. Wannan yaron kuwa dubi abin da ya rubuto: ya riƙe sunan kowane gari, ya riƙe maganar ladan kalma da kalma, ya san wa ya tuɓe masa riga. Shekara uku suna cin abinci kwano ɗaya bai san abokansa ba, dare ɗaya a bakin hanya ya nuna masa su. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. In wannan ba ilimi ba ne, me za a kira shi?

Baban Ummi: Darasi za a kira shi, Malama, mai tsada kuwa. Da asmar ta tashi a ƙauyen da ba asibiti fa? Da yanzu wata maganar ake yi.

Kawu Direba: Shekara ashirin da 'yan kai ina jan mota tsakanin Kaduna, Jos da Bauci. Yaro, kuskurenku biyu, kuma ba ruwan karin magana a ciki. Na ɗaya, mai zuwa Yankari daga Zariya da asuba yake tashi, don bayan Bauci ma da sauran tafiya, sai ka kai Dindima ka karya kwana. Ku kun fito rana ta take. Na biyu, kuɗin tafiya ba a tara shi a aljihu ɗaya. Kowa ya riƙe kuɗin motar komawarsa a jikinsa, ko da uwa ɗaya uba ɗaya kuke. Ni ban koyi wannan a aji ba, a kan kwalta na koya, don haka ina bayan Malama.

Ɗan Kwari: Ni yajin aikin malaman jami'a na 2022 ne ya sa na fahimci maganar. Daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba muna gida, wata takwas cur. Abokaina suka shirya zuwa Abuja, sai ga harin jirgin ƙasan Kaduna ranar 28 ga Maris. Hajiyarmu ta ce ko tasha ba zan taka ba. Na yi fushi a lokacin. Daga baya kawuna ya riƙa ɗaukata muna raka kayan atamfa daga Kantin Kwari zuwa kasuwannin ƙauye. A nan na ga yadda ake ba da bashi da baki kawai, a kuma biya ranar da aka ce. Gidajen iyayenmu akwai tsoro yanzu, ɗan'uwa, kuma tsoron da dalilinsa. Ina ganin Babanka ba karin maganar yake musu ba, ranka yake ji.

Alaramma Na Tudu: Akwai hadisi a Buhari da Muslim daga Abu Huraira, cewa tafiya wani yanki ce na azaba, tana hana mutum cinsa da shansa da barcinsa, in ya biya buƙatarsa ya gaggauta komawa ga iyalinsa. Ba ya karo da maganar Hausawa. Wahalar ce take tone abin da ke cikin mutum. Shi ya sa a da, in za a ba da shaida a kan wani, akan tambaya: ka taɓa tafiya da shi? Amma ɗana, abin da na fi so ka riƙe, ka fita da izinin mahaifinka ko kuwa sai da ka dawo ya ji?

Ɗan Aji Uku: Allah ya gafarta Malam, ya san za mu yi tafiya, amma Jos na ce masa, ban ambaci Yankari ba. Wannan laifina ne, kuma na je na durƙusa na ba shi haƙuri.

'Yar Damagaram: Ni abin da ya taɓa ni a labarin shi ne mai rigar sanyin. Ina karatu a Katsina, gida kuma Zinder. Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, hutu ya zo ba hanyar komawa. Wata ƙawata ta tafi da ni gidansu a Daura, mahaifiyarta ta shimfiɗa mini katifa a ɗakinta, ta kai ni na ga rijiyar Kusugu, har yau Inna nake ce mata. Ƙanena, ku da kuke hanƙoron giwaye, ka taɓa zuwa gidan wannan abokin naka ka gaida mahaifiyarsa? Zumunta a ƙafa take, ita ma karin magana ce ta tafiya.

Baban Ummi: To, wannan tafiyar ko ni zan biya kuɗin mota.

Ɗan Aji Uku: Yaya, ban taɓa zuwa ba, kuma kin sa na ji nauyi. Shi ya biya mana kuɗin komawa Zariya da kuɗin da aka ba shi na sayen takalmi. Mutumin Gumel ne, mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa ƙuli-ƙuli take yi tana biya masa rajista. Ɗayan kuwa da aka koma makaranta ya kawo rabin kuɗin, ya ce wayarsa ce ta mutu. Mun karɓa, muna gaisawa, amma ban san ko zan ƙara shiga mota ɗaya da shi ba. Yau da dare zan nemi izinin Baba in yi Babbar Sallah a Gumel, zan kuma faɗa masa sunan garin da unguwar da ranar dawowa.

Kawu Direba: Ka tashi da sassafe, ka bi ta Kano da Gezawa. Kada ka je wa tsohuwa hannu rabbana, ka riƙa mata ko sabulu da turmin atamfa. Maganin asmar nan kuma a aljihun gaba, ba cikin jakar da za a ɗaure a but ba.