Wuƙar ƙalau take, kuben ne ya cuce ni: kowa ya faɗi abin da ya gani

Manomi daga Gabasawa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yau kwana tara ke nan ina ɗingishi, kuma ba kowa ya ja mini ba illa kuben wuƙata. Ana saura mako guda Babbar Sallah na sayi wuƙar fiɗa a wata kasuwa. Wuƙa kam ba a magana, na ɗora ta a gashin hannuna ta aske shi tas. Kuben da aka haɗo ni da shi ja ne jawur, har da zane da 'yan tuntaye. Ban ko juya shi ba na soke a ƙugu na hau babur. Ina faɗawa wani rami sai na ji sanyi a cinya. Tsinin ya huda gindin kuben, ya keta wando, ya shige nama. Ɗinki huɗu aka yi mini, ragon layya ma ƙanena ne ya feɗe. Da na farke kuben sai ga kwalin sabulu a ciki, an lulluɓe shi da fata mai kaurin takarda, gam ne kawai ya riƙe su. Don Allah masu riƙe wuƙa kullum, ku faɗa mana yadda kuka ƙare da naku.

Mahaucin Wudil:
Sannu Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ni shekarata 26 a fawa, kube bai taɓa huda ni ba, amma ya kashe mini wuƙaƙe. Ran Juma'a in kasuwa ta cika ba ka da lokacin wanki, ka gama yanka ka share a jikin fatar dabba ka mayar. Jini da kitse suna taruwa can ƙasa inda hannu ba ya kaiwa. Bayan kwana uku ka zaro, wari ya buge ka, bakin wuƙar ya yi dabbare-dabbaren tsatsa. Wuƙar maƙeranmu yawanci daga sifirin mota ake ƙera ta, tana ɗaukar kaifi fiye da farar wuƙar kanti, amma ba ta shiri da laima ko kaɗan. Yanzu in na tashi sai na wanke, na goge ta bushe ƙayau, na shafa man gyaɗa. Kuma a gida ba ta kwana cikin kube, a tsumma nake naɗe ta.

Baduku daga Ringim:
Allah ya ba ka lafiya ɗan'uwa. Amma ku bari in kare sana'ar ubana, don na ga za a yi mana taron dangi. Mutum zai tsaya rabin sa'a yana taya wuƙa, yana gwada kaifi, yana ƙwanƙwasa ƙota, in an gama sai ya ce a ba shi kube gyara. To abin da aka bayar gyara, da me kake so a yi shi? Araha ba ta ado.

Kube na gaskiya aiki ne. Fatar akuya, ko da ta jar akuyar Sakkwato ce da duniya ta sani, riga ce kawai, taushi gare ta, ba ta tare tsini. Abin da ke tarewa ko dai kirgi mai kauri, ko 'yan siraran katako biyu da aka fafe daidai jikin wuƙar, sannan a ɗinke fata a kai. In na kirgi ne zalla, muna sa wani siririn yanki tsakanin ɓari biyun ta gefen kaifi, a huda da basilla a ɗinke su uku tare. Kaifin a kan yankin nan yake kwanciya, ba ya taɓa zare. Wanda babu shi, duk zarowa da mayarwa kana yanka ɗinkin ne da hannunka, ranar da zai buɗe kuwa ba zai yi sallama ba. Kafin ka biya, matsa gindin kuben da babban yatsa. In ya lanƙwashe kamar ganye, ajiye musu abinsu.

Maganar sarkin fawa ma gaskiya ce. Fatarmu da bagaruwa ake jeme ta, kuma bagaruwa da ƙarfe in suka haɗu da ruwa baƙi suke yi. Shi ya sa wuƙar da ta kwana a jiƙaƙƙen kube take fitowa da baƙin tabo.

Makiyayi, yankin Maigatari:
Baba baduku, ni tawa matsalar daban ce. Wuƙar damtse gare ni, wajen wani Buzu na saya ran Alhamis a kara. Kuben bai taɓa hudewa ba. Damina ta sauka, ruwa ya yi ta dukanmu a daji, ya bushe ya ƙandare har sai na sa ƙarfi kafin in zare. Na ɗebo man shanu na yi ta cusa masa. Ya yi laushi, na ji daɗi. Wata biyu bayan haka na sunkuya zan kwance ɗan maraƙi a fadama, wuƙa ta sulale cikin ruwa, har yau. Kuben na nan rataye a bukka.

Baduku daga Ringim:
Kai ka kashe shi da alheri, ɗana. Mai kaɗan ake shafawa, a waje, da ɗan tsumma. In ya yi yawa fata ta saki ke nan, ba ta ƙara kama wuƙa. Da ka naɗe wuƙar a leda, ka ɗan jiƙa kuben ka mayar da ita ya bushe a inuwa, da ya koma daidai jikinta.

Uwargida daga Kazaure:
Sannu Malam, Allah ya kiyaye gaba. Ku maza kuna ta kube mai tuntu, mu wuƙar kuɓewa a jikin danga muke soke ta. Ran da na ga autana ya taka turmi yana miƙa hannu, na yanko tsohon tiyon ban ruwa na maigidan, na tsoma a tafasasshen ruwa, na danne shi da dutsen niƙa ya baje, na ɗaure gindin da waya. Shekara ta uku ke nan. Kyau dai babu.

Ɗalibi daga Gumel:
Yayana ya kawo mini wata ƙirar ƙasar Suwidin, Mora ake ce mata. Kubenta na roba ne mai tauri, in ka tura wuƙar sai ta ce ƙas, ko ka kife ba ta faɗowa, kuma akwai 'yar kafa a gindi da ruwa ke fita. Na kai ta gona damina guda, in ya yi datti sai in ɗauraye. Abin da na lura, in yashi ya shiga yana goge kaifin.

Mahaucin Wudil:
Yashi ko a na fata haka yake, yaro. Kife shi ka bubbuga a tafin hannu kafin ka mayar.

Manomi daga Gabasawa:
Na gode ƙwarai jama'a. Baba baduku, in na aiko maka da tsawon wuƙar da faɗinta za ka ɗinka mini? Mai katako nake so, ko zane ba na buƙata.

Baduku daga Ringim:
Ba na ɗinka wa awo, wuƙar nake ɗinka wa, don kowane maƙeri da irin lanƙwasarsa. Bari ƙafa ta warke ka zo da ita. Ka naɗo ta a tsumma ka sa cikin buhu, ka ɗaure a bayan babur. Ban da ƙugu.