Rokar ɗalibaina ta ƙi tashi, ina neman shawara

Assalamu alaikum malamai 'yan uwa. Ina koyar da kimiyya a aji biyu na ƙaramar sakandare, kuma na yi wa yara alkawarin harba roka ranar Alhamis, ga shi abin yana neman ya ba ni kunya.

Gorar ruwa ta roba na samu, na ɗaura mata fensir uku da salatif a matsayin ƙafafu. Na zuba ruwan khal kamar rubu'in gorar, na naɗe cokali biyu na bekin soda a tishu na tura ciki, na toshe, na kifa ta. Sau biyar ina gwadawa a bayan gida. Iskar kabon dayoksaid, wadda khal da soda ke fitarwa kuma ita ce za ta harba gorar sama, tana haɗuwa kam, don gorar har tauri take yi, amma sai kumfa ta riƙa tsiyaya ta gefen toshiyar, "fuuu", gorar ta kwanta. Da na cusa toshiyar da ƙarfi kuma, shiru kake ji, har na tsorata kada ta fashe.

Toshiyar tawa daga tsohon silifas na yanko ta. Ita ce matsalar, ko awon ne bai daidaita ba? Sannan khal ya yi tsada; jar kanwa da lemun tsami za su iya ɗaga gora? Don Allah wanda ya taɓa yi ya taimaka.