Tambaya: Yaya zan taimaki shugaban ma'aikata mai yawan kawaici?

Assalamu alaikum. Ina da ƙaramar maɗaba'a a Kano mai ma'aikata 9, kuma wata 4 ke nan da na ɗora wani matashi a kansu, domin na daɗe ina ganin gaskiyarsa da tsantseninsa wajen aiki. Abin da ya hana ni sukuni shi ne, kunya da kawaicinsa sun hana shi tsawata wa kowa, musamman wani dattijo da ya haife shi a shekaru, wanda yake kira Baba.

A makon jiya na dawo bayan sallar isha'i, na tarar da shi shi kaɗai yana sake buga katunan biki 300 da aka ɓata sunan amarya a jikinsu, bai gaya wa mai laifin komai ba. Da na yi masa magana, sai ya sunkuyar da kai ya ce zai gyara. Sauran ma'aikatan kuwa sun fara makara, tun da sun gane ba za a tanka musu ba.

Ba na son sauke shi, domin a ganina kunyarsa tarbiyya ce. Shin irin wannan hali yana sauyawa idan an horar da mutum, ko kuwa in ɗauke masa nauyin ladabtarwa in bar masa kula da ingancin aiki kawai? Don Allah wanda ya taɓa fuskantar haka ya ba ni shawara.