Neman shawara: wane makirufon ribon ya dace da amfilifayar jita?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina ɗaukar jita da makirufon Shure SM57 a gaban amfilifayar Fender Blues Junior, mai wat 15 da lasifika ɗaya mai inci 12. Sautin yana fita da kaifi, musamman idan mai kiɗa ya hau siraran tsirkiya, har yana sukar kunne. An ce min ribon ne maganinsa. Sawunkad ɗina Scarlett 2i2 ne, ɗakin kuma ƙarami, bangon siminti da labule kawai. Kuɗina ba zai kai Royer R-121 ba. Me zan saya?

Mai Mikisa: Wa alaikumus salam Malam. Wanda ya ba ka shawarar bai yi kuskure ba. A cikin ribon akwai wani siririn ziri na alminiyam da aka rataye tsakanin maganaɗisu biyu, na R-121 kaurinsa maikiron 2.5 ne kacal. Yanayinsa ke nan, yana sassauta saman sauti a hankali, shi kuwa SM57 an yi shi ne da tudu, wato yana ƙara ƙarfin sauti, wajen kilohaz 5 zuwa 6, daidai inda wannan sukar take.

R-121 ya yi suna a gaban amfilifaya tun fitowarsa a 1998, amma ba dole sai shi ba. Kamfanin Royer ɗin ya fitar da R-10, wanda bai kai rabin kuɗinsa ba, yana jure ƙara mai tsanani, kuma an yi masa rariya hawa-hawa a ciki don tare iska. Ga wanda zai fara riƙe ribon, wannan kariyar ta fi komai muhimmanci. Idan shi ma ya yi tsada, duba sE VR1. Coles 4038 kuwa ka bar shi: makirufo ne mai kyau da BBC ta tsara a shekarun 1950, sai dai zirinsa ya fi na sauran laushi nesa ba kusa ba, ga nauyi, ba a manna shi a bakin lasifika.

Ɗan Damagaram: Oga, ka yi bayani, amma ka tsallake maganar ɗakin. R-10 da VR1 duk suna ji ta gaba da ta baya daidai wa daida, gefe biyu ne kawai kurame. A ƙaramin ɗakin siminti, bayan makirufon zai kwaso amsa-kuwwar bango, sautin ya fito kamar daga cikin akwati. Ni Beyerdynamic M 160 zan zaɓa masa. Ɗan Jamus ne, ana ƙera shi tun 1957, ziri biyu gare shi, kuma gaba yake fuskanta, abin da yake ji ta baya kaɗan ne. Tsakiyar sautinsa a tsaye take, ya dace da jita mai saurin yatsu irin ta Agadas, inda ake son kowace tsirkiya ta fito daban.

Mai Mikisa: Gaskiya ne, sai dai M 160 ya fi R-10 tsada. Idan ya ɗauki R-10, ya kafa katifa ko bargo mai kauri kamar mita ɗaya a bayan makirufon, kuma kada bayan ya kalli bango kai tsaye. Tunda amfilifaya tana da ƙara kuma makirufon yana kusa, ɗakin ba zai rinjaya sosai ba.

Mai tambaya: Na gode. To batun wutar fantom fa, wato wutar 48V da sawunkad ke tura wa makirufo ta waya? An tsorata ni cewa da na danna 48V shi ke nan ya ƙone. Sannan sai na sayi Cloudlifter, ɗan akwatin nan mai ƙara wa makirufo ƙarfi?

Mai gyaran kaya: Ɗan uwa, ga yadda abin yake. Da lafiyayyar wayar XLR, wayar makirufo mai fil uku, da aka haɗa daidai, wutar tana hawa fil na 2 da na 3 daidai da juna, ba ta ratsa taransifomar da ke cikin makirufon ba, don haka ba ta taɓa zirin. Ɓarna tana zuwa ne idan wayar ta lalace ko an yi mata haɗin kuskure har fil ɗaya ya taɓa na 1, ko kuma a cusa jak ɗin TRS a allon haɗi alhali wutar na kunne. Nan take zirin zai yi tsalle, ya miƙe ko ya tsinke. A Scarlett 2i2 maɓalli ɗaya ne ke kunna wutar a ƙofofin biyu, saboda haka ka kashe shi, ka ɗan jira, sannan ka jona. Wayar da aka yi wa gyaran hannu, a gwada ta da mita kafin ta kusanci ribon.

Wannan duk na ribon ɗin da ba sa buƙatar wuta ne. Irin su R-122 da AEA N22 da VR2 suna da na'ura a ciki, ba sa aiki sai da 48V ɗin.

Cloudlifter yana ƙara kusan desibel 25, kuma yana shanye wutar fantom bai bari ta isa makirufo. Amma a gaban amfilifaya mai ƙara ba ka buƙatarsa, sawunkad ɗinka zai wadatar. Sai ranar da za ka ɗauki murya ko molo da shi.

Abin da ya fi wuta kashe ribon shi ne iska. Kada a hura masa baki don gwaji, kada fanka ta buge shi, kada a rufe akwatinsa da ƙarfi. A sa masa rigarsa kafin a ɗauke shi daga wuri zuwa wuri. Maganaɗisunsa yana janyo ɓurɓushin ƙarfe, ga ƙurar hunturu, don haka da an gama aiki a mayar da shi akwati. Idan ka ji ƙasan sautin ya fara ɓari ko ƙarfinsa ya ragu, zirin ya saki, sai an sa sabo.

Ɗan Damagaram: Saura wurin ajiyewa, wanda shi ne rabin aikin. Haska tocila ta cikin ƙyallen gaban amfilifaya, ka nemo inda ƙwaryar tsakiya ta haɗu da takardar lasifika. Nan za ka saita, da tazarar santimita 15 zuwa 20. Matsawa tsakiya yana ƙara haske, matsawa gefe yana ƙara duhu. Idan ka manna shi kamar yadda ake yi wa SM57, bes zai kumbura ya cika wuri, domin masu ji gaba da baya sun fi kowane makirufo wannan halin. In ya yi yawa, ja baya santimita 5, ko ka yanke abin da ke ƙasa da haz 80 zuwa 100. Ka ɗan karkata shi kaɗan don kada iskar lasifika ta doki zirin kai tsaye.

Kuma kada ka sayar da SM57 ɗin. Haɗa su biyun ake yi: ribon ya ba da jiki, SM57 ya ba da cizo. Sharaɗin shi ne zirin ribon da fatar da ke kama sauti a cikin SM57 su kasance nisa ɗaya daga lasifika. Sauti yana cin santimita 34 a kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, don haka bambancin yatsu biyu ya isa ya sa su cinye wa juna wasu sassan sauti. Gwajin mai sauƙi ne: daidaita ƙarfinsu, danna maɓallin Ø, mai juya sauti ya zama kishiyarsa, a layin ɗayansu, matsa makirufo ɗaya a hankali har sautin ya sirance iyakar sirancewa, sannan ka mayar da maɓallin yadda yake. Daga nan ka fara da ribon a sama, ka riƙa ɗago SM57 kaɗan-kaɗan har jitar ta fito fili a cikin sauran kiɗan.